HAWAN DUTSEN ASAKRAM

Darasi domin iyali a kan keɓewa da Allah

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18, Markus 6:45-51, Markus 9:2-29.

Maigida ya tara iyalinsa da dare bayan tuwo. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, a hankali, domin tsofaffi da yara su ji. Idan darasin ya yi tsawo, a raba shi dare biyu.



A garuruwanmu kowa ya san sunan Tamanrasat, ko da bai taɓa zuwa ba. Samarinmu da yawa sun tafi can ci-rani. Suna bi ta Agadas da Arlit, su ƙetare iyaka a Assamaka, su shiga ƙasar Aljeriya. Abin da suke ba mu labari shi ne aiki, da kuɗi, da wahalar hanya. Amma akwai wani wuri a arewacin wannan birni wanda 'yan ci-rani ba su cika zuwa ba. Wani ƙaramin ɗaki ne na duwatsu a bisa ƙwanƙolin dutse, inda wani mutum ya shiga halwa a shekara ta 1911. A cikin darasin nan za mu bi hanyar da ke hawa zuwa ɗakin, mu ji labarin wanda ya gina shi, sa'an nan mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu ga abin da Allah yake so da mutumin da ya keɓe kansa.

1. INDA DUTSEN YAKE

Tamanrasat tana gindin wasu manyan duwatsu da ake kira Ahaggar, ƙasar Buzayen arewa. Daga birnin zuwa dutsen Asakram kamar kilomita 80 ne, amma hanyar duk tsakuwa ce da kwazazzabai, mota tana yin sa'o'i kafin ta kai. Masu tafiya da raƙuma suna yin kwanaki.

Tsayin Asakram ya fi mita 2,700 bisa teku. Domin mu gane wannan, mu tuna cewa Maraɗi da Zinder ba su kai mita 500 ba. Dutsen da ya fi kowane tsayi a Nijar, wanda ke cikin duwatsun Bagzan a ƙasar Abzin, mita 2,022 ne. Kusa da Asakram kuma akwai Tahat, mai mita 2,908, babu dutsen da ya kai shi a Aljeriya duka.

Masu ilimin ƙasa sun ce a zamanin dā duwatsun nan suna aman wuta. Narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa, ya huce, ya daskare a cikin maƙogwaron dutsen. Da daɗewa iska da ruwa suka cinye abin da ke kewaye mai taushi, mai taurin ya rage a tsaye. Shi ya sa wanda ya duba yakan ga wasu duwatsun kamar manyan rumbuna, wasu kamar suri, wasu a miƙe kamar taɓarya.

2. MUTUM SHI KAƊAI A KAN HANYA

Mota ba ta kai ƙwanƙoli. Tana tsayawa a wata mashiga tsakanin duwatsu, inda akwai masaukin baƙi. Daga nan sai ƙafa. Tafiyar ba ta kai sa'a ɗaya ba, amma wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu zai san ya yi tafiya.

Bari mu ce wani mutum ya tashi tun da asuba, abokan tafiyarsa suna barci. Ya lulluɓa da bargo, ya ɗauki fitila, ya kama hanya shi kaɗai. Abu na fari da zai tarye shi sanyi ne. Sanyin hunturu da muke kuka da shi a watan Janairu wasa ne a kan na can, gama da damunar sanyi ruwa yakan daskare a cikin tulu ya zama ƙanƙara. Iska kuma ba ta hutawa.

Hanyar siririya ce, tana lanƙwasa dama da hagu a jikin dutsen, domin ba mai iya hawa a miƙe. Duwatsun baƙaƙe ne, wasu suna motsi a ƙarƙashin ƙafa. Bai yi nisa ba zai ji numfashinsa yana sama-sama, zuciyarsa tana bugawa kamar ya yi gudu. Dalili kuwa, iskar da ke bisa ba ta da kauri kamar ta ƙasa, sai mutum ya ja numfashi da yawa kafin ya ƙoshi. Dole ya tsaya ya huta, ya sāke tashi. A nan ne mai gaggawa yake koyon cewa sannu ba ta hana zuwa.

Sa'ad da ya tsaya hutawa zai lura da wani abu da bai taɓa sani ba a gida. Babu carar zakara. Babu kukan jaki, babu amon turmi, babu muryar yaro. Babu ko itace da ganyensa zai kaɗa. In iska ta lafa, mutum yakan ji bugun jininsa a cikin kunne. Waɗansu suna jin daɗin wannan shiru. Waɗansu kuwa tsoro yake kama su, domin abin da hayaniyar gari ta rufe a cikin zuciya, yanzu ya fito fili. Bashin da aka ƙi biya, da maganar da aka faɗa wa mata cikin fushi, da ɗan'uwan da aka yi shekara ba a gaisa ba, duka suna hawa dutsen tare da shi.

Daga bisani hanya ta ƙare. Ga fili shimfiɗaɗɗe cike da duwatsu, ga ɗan ɗaki a bakin gangare. An gina shi da duwatsun wurin, gajere ne, har in ba a lura ba sai a ce tsibin duwatsu ne. A ciki akwai wurin sujada mai ƙunci da tebur na dutse, da wani ɗan wuri inda mai ɗakin yake kwana yana rubutu.

Mutumin ya zauna a ƙofa yana jiran rana. Gabas ta yi ja. Kawunan duwatsu suka fara fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya, jeri bayan jeri, har iyakar ganin ido. Wataƙila wani ƙaramin tsuntsu baƙi mai farin kai, wanda Buzaye suke kira mula-mula, ya sauka kusa da shi. Ko mai taurin zuciya, in ya ga wannan, bakinsa yakan mutu. Mai bi kuwa zai tuna da Zabura 19 da Zabura 121, ya yabi wanda ya yi sama da ƙasa.

Amma rana tana ƙara hawa, ruwan gora yana raguwa. Ko ya so ko ya ƙi, sai ya sauko. Ku riƙe wannan, gama a nan darasinmu yake.

3. WANDA YA GINA ƊAKIN

Sunansa Sharl da Fuko, mutumin Faransa. An haife shi a 1858 a gidan masu arziki. Bai cika shekara 6 ba uwa da uba duka suka rasu, kakansa ya riƙe shi. Da ya zama saurayi ya bar bangaskiya, ya shiga soja, ya ci gādo mai yawa, ya watsar da shi wajen ci da sha da mata. Labarinsa a lokacin nan kamar na ɗan nan ne da ke cikin Luka 15.

A 1883 da 1884 ya ratsa ƙasar Maroko a ɓoye, cikin tufafin Bayahude, yana auna hanyoyi da duwatsu yana rubutawa. A ƙasashen nan ya ga Musulmi suna tsayawa salla ko'ina lokaci ya same su. Abin ya taɓa shi, ya fara tambayar kansa ko Allah yana nan. A watan Oktoba 1886, a birnin Paris, ya hurta zunubansa, ya komo ga bangaskiyar Kirista. Ya shiga gidan 'yan zuhudu a 1890. Daga 1897 ya yi shekara 3 a Nazarat yana aikin bara, domin yana so ya zauna cikin talauci a garin da Yesu ya girma. A 1901 aka naɗa shi firist na ɗarikar Katolika, ya tafi hamadar Aljeriya, wani gari da ake kira Beni Abbas. A can ya fanshi waɗansu bayi da kuɗi, ya kuma yi ta rubuta wasiƙu yana ƙin cinikin mutane.

A 1905 ya iso Tamanrasat. A lokacin ba birni ba ne, 'yan bukkoki ne kawai. Ya gina ɗakinsa, ya zauna cikin Buzaye. Yana ba da magani, da allurar ɗinki, da abinci in yana da shi. Babban aikinsa kuwa koyon harshensu ne. Ya gwada juya Bishara cikin harshen, ya ga saninsa bai isa ba, sai ya duƙufa yana tara kalmomi da waƙoƙi daga bakin maza da mata.

A farkon 1908 aka yi fari mai tsanani. Ya rabar da abincinsa, ciwo ya kwantar da shi har ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Buzayen nan matalauta suka bi gari da daji suna neman awakin da suka rage da ɗan nono, suka tatso, suka ba shi har ya tashi. Wanda ya zo domin ya bayar, ga shi ya rayu da hannun waɗanda ya zo taimako.

4. WATA BIYAR A BISA

Me ya kai shi Asakram? Yana son wurin shiru domin addu'a da aikin rubutu. Ya kuma yi tsammani makiyaya suna zuwa da dabbobinsu kewayen dutsen, zai same su kusa. Aka gina masa ɗakin, ya hau a watan Yuli 1911 tare da wani mutum mai taimakonsa a kan harshe. Ya yi murna ƙwarai da kyan wurin. Yana aiki tun safe har dare.

Amma ruwa sai an ɗauko daga nesa, itacen wuta ma haka. Sanyi ya shigo, jikinsa ya raunana. A watan Disamba ya sauko Tamanrasat. Wata 5 ke nan ya yi. Bayan haka bai ƙara yin dogon zama a can ba.

Ku lura da lissafin nan. Shekara 11 ya yi a ƙasar Ahaggar. A cikinsu wata 5 ne na ƙwanƙolin dutse. Sauran kusan duka ya yi su a ƙasa, inda mutane suke buga masa ƙofa tun safe, wannan yana son magani, wancan yana son hira. Baƙi suna hawa su ga ɗakin da ke bisa domin yana da kyan gani, amma ran mutumin a ƙasa ya ƙare.

A ranar 1 ga Disamba 1916, lokacin babban yaƙin duniya na fari, mahara suka kewaye gidansa a Tamanrasat. Suka fito da shi, suka ɗaure, suka sa wani yaro mai shekara kamar 15 ya tsare shi da bindiga. Da waɗansu sojoji biyu suka ɓullo bisa raƙuma, yaron ya firgita, ya harbe shi. A cikin watan nan ne kuma Kawsan ya kewaye Agadas da yaƙi, gama hamada duka tana tafasa a kan mulkin Faransa. Gaskiya ce kuma, Sharl da Fuko abokin hafsoshin Faransa ne, yana rubuta musu labarin ƙasar, yana ganin mulkinsu abu ne mai kyau. Ba za mu ɓoye wannan ba. Shi ɗan zamaninsa ne, mai zunubi kamar mu.

Har ya mutu bai yi wa Buzu ko ɗaya baftisma ba, ba kuma wanda ya zauna ya zama almajirinsa. Amma littafin kalmomin da ya rubuta, wanda aka buga cikin kundi 4 a 1951 da 1952, masu nazarin harshen Buzaye suna ɗaukarsa babbar taska. A 1933 waɗansu suka kafa ƙungiya domin su bi irin zamansa, a 1955 kuma mutanensu suka koma Asakram suka zauna kusa da ɗakin. A ranar 15 ga Mayu 2022 ɗarikar Katolika ta sa shi cikin waliyyanta.

Mu dai ba mu roƙon kowane waliyyi, gama 1 Timoti 2:5 ta koya mana matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato Yesu Kristi. Akwai kuma waɗansu koyarwar ɗarikarsa da ba mu karɓa ba. Duk da haka mai hankali yakan koyi abu daga hanyar da wani ya bi. Yanzu bari mu auna labarin da Maganar Allah.

5. MUTANEN ALLAH A BISA DUTSE

Iliya. Bayan babbar nasara a dutsen Karmel, Yezebel ta aika masa da saƙon kisa. Ya gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya shiga jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku duba abin da Allah ya fara yi. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. Allah ya san wani lokaci abin da muke kira karayar ruhu, gajiya ce da yunwa.

Iliya ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, ya shiga kogo. Iska mai ƙarfi ta wuce, da rawar ƙasa, da wuta, amma Ubangiji bai bayyana kansa a cikinsu ba. Sai da wata 'yar murya mai laushi ta zo Iliya ya rufe fuskarsa ya fito. Sau biyu Allah ya tambaye shi abin da yake yi a wurin. Sau biyu Iliya ya yi kuka cewa shi kaɗai ya rage. Allah kuwa ya umarce shi ya koma ta hanyar da ya fito, ya ba shi aiki, ya ba shi Elisha ya zama abokin aikinsa, ya kuma sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Iliya ya hau yana cewa babu kowa. Ya sauko yana neman Elisha.

Ubangiji Yesu. Shi ma yana da al'adar keɓewa. A Luka 6:12-13 ya kwana bisa dutse yana addu'a, da gari ya waye ya zaɓi manzanni 12. A Markus 6, bayan ya ciyar da mutum 5,000, ya sallami taro, ya hau dutse shi kaɗai. Amma ko a can idonsa yana kan almajiransa. Ya ga suna fama da tuƙi, iska tana gāba da su, sai ya sauko ya je wurinsu bisa ruwa. In Ɗan Allah ya bukaci lokacin shiru da Ubansa, ina ni, ina kai?

Bitrus. A Markus 9 Yesu ya kai Bitrus da Yaƙub da Yohanna bisa wani dutse mai tsawo, kamanninsa suka sāke a gabansu. Bitrus ya ji daɗin wurin har ya ce a kafa bukkoki uku. Ba a kafa ko ɗaya ba. Suka sauko, ga wani uba yana jira a gindin dutsen da ɗansa mai aljan, sauran almajirai sun kāsa. Da sun zauna a bisa, wa zai taimaki yaron nan?

A cikin labaran nan duka, Allah yana kiran bawansa gefe domin ya ciyar da shi, ya gyara tunaninsa, sa'an nan ya mayar da shi cikin mutane. Keɓewar da ba ta komo da mutum wurin 'yan'uwansa ba, ba irin ta Littafi Mai Tsarki ba ce.

6. KURAKURAN DA ZA MU GUJE WA

Na fari, a ce wani wuri ya fi wani kusa da Allah. Kakanninmu suna yanka a gindin duwatsu da tsamiya domin iskoki. Mun bar wannan, amma tunanin yakan biyo mu cikin ikkilisiya. Sai ka ji wani yana cewa addu'arsa ba za ta karɓu ba sai ya je wani dutse, ko ya ɗebo ƙasar wani wuri. Matar Samariya ta yi wa Yesu irin wannan tambaya a Yohanna 4. Ya amsa mata cewa lokaci ya yi da sujada ba za ta rataya ga dutsensu ko Urushalima ba, gama Uba yana neman masu yi masa sujada cikin ruhu da gaskiya. Mita 2,700 ba su rage ko taƙi ɗaya tsakanin mai zunubi da Allah ba. Jinin Yesu ne ya kawo mu kusa.

Na biyu, a ce wahalar jiki tana sayen gafara. Mutum yana iya kwana cikin sanyi, ya yi azumi har ƙashinsa ya fito, zunubinsa yana nan. Afisawa 2:8-9 ta nuna ceto kyauta ne, ta wurin bangaskiya, domin kada kowa ya yi fahariya. Azumi da keɓewa suna da amfani ga wanda ya riga ya karɓi kyautar. Ba su ne kuɗinta ba. Haka kuma ba mu shiga halwa domin neman asiri ko wani iko da za mu fi maƙwabta da shi.

Na uku shi ne ya fi yawa a cikinmu. Wani ya yi faɗa da ɗan'uwa a kan iyakar gona, ko a kan kuɗin baiko, ko dattawa sun yi masa horo. Sai ya daina zuwa majami'a, ya ce shi da Allahnsa sun isa, zai yi addu'a a ɗakinsa. Ɗan'uwa, wannan fushi ne ya sa rigar ibada. Matta 5:23-24 ta ce ka fara shiryawa da ɗan'uwanka kafin ka kawo baikonka. Ibraniyawa 10:25 kuma ta gargaɗe mu kada mu bar taruwa. Uwargida ta sani, in aka janye itace ɗaya daga murhu aka ajiye shi gefe, zai yi hayaƙi kaɗan ya mutu.

7. INA NAMU DUTSEN?

Yawancinmu ba za mu taɓa ganin Asakram ba, babu laifi kuwa. Kada ma wani ya karanta wannan ya ce zai shiga hamada shi kaɗai. Hamada ba ta wasa. Ba mu manta da watan Oktoba 2013 ba, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mai-Wa'azi 4:9-10 ta faɗi gaskiya, biyu sun fi ɗaya, gama in ɗaya ya fāɗi ɗayan zai tashe shi.

Yesu ya sauƙaƙa mana abin a Matta 6:6. Ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. Na san gidajenmu, wani ɗaki ɗaya ne da yara shida. To, ga shawara.

Maigida, ka riga kowa isa gona. Kafin ka ɗaga hauya, ka zauna a gindin gawo, ka karanta 'yan ayoyi. In ba ka iya karatu ba, ka maimaita wadda ka haddace. Kada ka cika wurin da maganarka kaɗai. Ka yi shiru kaɗan, ka bar Maganar ta bincike ka.

Uwargida, aikinki ba ya ƙarewa, Ubangiji ya sani. Lokacin da yara ba su tashi ba, ko hanyar rijiya, ko hanyar itace, su ne naki. Maigida kuma ya riƙe yaro wani lokaci domin matarsa ta sami wannan hutu. Ita ma tana da rai da za ta ciyar.

Yaro makiyayi, kai ka fi kowa samun shiru. Dawuda a bayan tumaki ya koyi dogara ga Allah.

Samari masu waya, ku kashe ta na ɗan lokaci. Wanda kunnensa yake cike da waƙa da labarai tun safe har dare, ta ina 'yar murya mai laushi za ta shiga?

Ga yadda za ka gane ko keɓewarka ta yi amfani. Ka duba yadda ka komo. Ka fi haƙuri da matarka? Ka je ka gai da mara lafiya? Ka biya bashin nan da ya hau dutsen tare da kai? Ka taka zuwa gidan wanda kuka ɓata? Zumunta a ƙafa take. In ka komo kana ganin ka fi sauran masu bi tsarki, ba muryar Allah ka ji ba, taka ka ji.

8. GA WANDA YAKE SHI KAƊAI BA DA SONSA BA

Akwai 'yan'uwa da ba su zaɓi kaɗaici ba. Wani shi kaɗai ne mai bi a garinsu. Wata danginta sun juya mata baya saboda sunan Yesu. Wani yana ci-rani a ƙasar da ba ya jin harshenta, ba majami'a kusa. Wani ya yi shekaru yana shaida, ko mutum ɗaya bai tuba ba, har yana cewa aikinsa banza ne.

Ka tuna da Iliya. Lissafinsa ya ce saura ɗaya, lissafin Allah ya ce 7,000. Ka tuna kuma da mai ɗakin Asakram, wanda ya mutu bai ga amfanin gonarsa ba. A Yohanna 12:24 Yesu ya ba da misalin ƙwayar hatsi, wadda sai ta fāɗi ƙasa ta mutu take ba da 'ya'ya. Manomi ya san iri yakan kwana a ƙasa ba a ganinsa. Naka shi ne ka zauna da aminci, ka koyi harshen mutanen da kake ciki, ka yi musu alheri, ka kuma karɓi alherinsu ba tare da girman kai ba. Girbi na Ubangiji ne.

Mu kuma da muke da majami'a kusa, akwai nawaya a kanmu. Kowace ikkilisiya ta san sunayen 'ya'yanta da ke nesa. A kira su, a aika musu da gaisuwa, a ambace su cikin addu'a ran Lahadi. Ran kasuwa a ratsa ta ƙauyen da mai bi yake shi kaɗai, a sha ruwa a gidansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma mai karatu, in ba ka riga ka ba da gaskiya ga Yesu ba, ka sani ba sai ka hau ko'ina ba. Shi ne ya sauko. Ya bar ɗaukakarsa, ya zauna cikinmu, ya hau Kalfari shi kaɗai ɗauke da zunubanmu, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Kana iya kiransa a inda kake zaune yanzu.

TAMBAYOYI

1. Wata nawa Sharl da Fuko ya yi a bisa Asakram? Shekara nawa ya yi a ƙasar Ahaggar?
2. Mene ne Allah ya fara ba Iliya a jeji? Me wannan yake koya mana game da mai karayar zuciya?
3. Me ya sa ba a kafa bukkokin da Bitrus ya so ba?
4. Mene ne bambanci tsakanin keɓewa domin addu'a da barin majami'a saboda fushi?
5. Kowa a gidan nan ya faɗi wuri da lokacin da zai keɓe a makon nan.
6. Wane ɗan'uwa ne muka sani yana shi kaɗai? Wa zai je wurinsa, yaushe?

Ayar haddacewa: Markus 1:35. Manya su ƙara da aya 38.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ka kafa duwatsu, kai ka san zuciyar kowane ɗayanmu. Ka koya mana mu yi shiru a gabanka. Ka ciyar da mu da Maganarka kamar yadda ka ciyar da Iliya. Ka mayar da mu wurin 'yan'uwanmu da zuciya mai taushi. Ka tuna da 'ya'yanmu da ke kan hanyar hamada, da masu bi da suke su kaɗai a garuruwansu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.